Moton kwamfuresa: abin da na gani a Ohayo

Yaya, bayan gaisuwa, da fatan kai da iyali da yaran shago kuna lafiya. Na ji saƙonka cewa moton kwamfuresar fenti ya sake ƙonewa, kana so in sayo na Amurka in sa a kwantena. Na ga gara in rubuta amsar inda wasu ma za su gani, domin masu fentin mota da kafintoci da yawa a Kano da Kaduna sun ɗauka duk abin da ya fito daga nan ya fi ƙarko. Kayan nan suna da kyau, amma moton lantarki sai ya dace da wutar ƙasar da zai yi aiki.

Ni ma ina da babbar kwamfuresa a garejin gidana a Kolombos, babban birnin jihar Ohayo, mai tankin galan 80, kusan lita 300. A hannun wani mai gyaran motoci da zai rufe shago na saye ta, da araha, saboda motonta mai layi uku ne, wato mai aiki da wutar masana'antu da ake kawowa ta wayoyi uku masu wuta. A nan ba a kai wa gidajen kwana layi uku. Layi ɗaya ake kawowa, a raba shi: bolt 120 na fitilu da soket, bolt 240 na murhun lantarki da na'urar busar da tufafi. Shi ya sa injinan masana'antu da aka riga aka yi amfani da su suke yin kwantai. Na tuna shaguna nawa ne a Ƙofar Ruwa ko Fanteka suke da layi uku a bango, abin da Ba'amurke mai gareji a gida yake nema bai samu ba.

Dole na canza mata moto mai layi ɗaya. Wuraren saye ba su da iyaka: Grainger, Tractor Supply, Northern Tool, ga intanet. Sai dai lambar da ake mannawa da manyan haruffa ba ita ce abin dubawa ba. Za ka ga ƙaramar kwamfuresa an rubuta mata hosfawa 5, alhali a soket ɗin ɗaki ake jona ta. Yi lissafi da kanka. Hosfawa ɗaya wat 746 ne. Soket mai bolt 120 da amfiya 15 ba ya ba da fiye da wat 1,800, wato bai kai hosfawa biyu da rabi ba, kafin ma a cire abin da ke tafiya a zafi. Gaskiyar moto tana kan ɗan farantin ƙarfen da ke jikinsa. Mai hosfawa 5 na hakika, layi ɗaya, bolt 230, yana jan amfiya ashirin da 'yan kai. In ka ga amfiya 15, bai wuce uku ba, ko me kwali ya ce. Irin waɗannan suna zuwa gida cikin kayan gwanjo, mutane suna biyan kuɗin biyar a kansu, abin yana ba ni haushi.

Bayan ƙarfi sai gudu, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Moton nan iri biyu ne: mai juyi wajen 3,450 a minti da mai wajen 1,740. Famfon kwamfuresa kuwa a hankali yake so. Nawa juyi 800 aka rubuta masa, babban fulinsa, wato ƙarfen da bel yake juyawa, inci 16. Ka ninka 800 da 16, ka raba da gudun moto, shi ne girman fulin da za ka sa wa moton. Ga mai 1,740 inci 7 da ɗan ɗoriya ne, ga mai 3,450 bai kai inci 4 ba. In ka ɗauki fulin na farko ka ɗora wa na biyu, famfo zai yi ninkin gudunsa, moto ya ja wutar da ta fi ƙarfinsa, kafin a jima ka ji ƙaurin koyil. Mai 1,740 na zaɓa. Ya fi tsada da nauyi, amma fulinsa babba ne, bel yana kama shi sosai ba ya sulɓewa.

Abin da ya burge ni a nan shi ne tsari. Kowane moto yana da lambar jiki. Nawa 184T ne, kuma ko na Baldor ne, ko Leeson, ko WEG na Brazil, ramukan ƙusa da kaurin shaf duk ɗaya ne. Ka faɗi lamba, a kawo maka har ƙofar gida, ya zauna daram. In bai yi ba ka mayar. Jan sabon layin 240 zuwa gareji ma sai da izinin hukumar gari, ma'aikacinsu ya zo ya duba kaurin waya da bireka. Wutar kuma ba ta rawa, dare da rana.

Amma a wajen gyara mun fi su, nesa ba kusa ba. Na nemi wanda zai duba tsohon moton, mai shagon ya gaya mini gaskiya cewa ba sa naɗa koyil ɗin ƙaramin moto irin wannan, ladan aikin ya fi kuɗin sabo. Moto mai lafiyayyen jiki sai a kai shi wurin masu sayen ƙarfe. A Sabon Gari kuwa yaro matashi zai kwance shi, ya ƙirga zagayen waya, ya auna kaurinta, ya naɗa sabuwa, ya shafa banish, ka dawo ka ɗauka. Wannan ilimi ne babba, kuma ba ma girmama masu shi yadda ya kamata. Sharaɗi ɗaya ne: a sa wayar tagulla zalla mai kaurin ta asali, ban da alminiyam da aka yi wa rufin ja.

Matsalar kawo moton Amurka gida ita ce wutarmu 50 Hz ce, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, tasu 60. Moto mai 1,740 in ya iso Kano 1,450 zai riƙa yi, iska ta ragu da kashi ɗaya cikin shida. Mafi muni, mai layi ɗaya da aka naɗa don bolt 230 a kan 60 zai riƙa zafi a kan 230 ɗinmu ko ba a ɗora masa kaya mai nauyi ba. Ga awo kuma. Shaf ɗin 184T inci ɗaya da ɗaya bisa takwas ne, milimita 28.6, na Turai mai lamba 112M da ya cika kasuwanninmu milimita 28 ne. Fulinka ba zai shiga ba sai an kai wa mai injin fere ƙarfe ya faɗaɗa raminsa. Wanda yake iya zama lafiya shi ne mai layi uku da aka rubuta wa bolt 460, domin a kan 380 zuwa 400 na gida yana aiki, da raguwar ƙarfi da gudu.

Shawarata, tunda shagonka yana da layi uku, ka nemi mai kilowat 4, juyi 1,450, wanda aka ƙera don 50 Hz. In famfonka irin nawa ne, fuli kusan inci 9 zai so. Kada a jona shi kai tsaye da suwic. A sa masa kwantakta, wato suwic mai aiki da maganaɗisu, da obalod mai yanke wuta in moto ya ja fiye da kima, wanda aka saita daidai da amfiyar farantinsa, da na'urar da ke yanke wuta in layi ɗaya ya ɗauke. Moto mai layi uku da ya ci gaba da aiki a kan biyu ƙonewa zai yi, ko a ina aka ƙera shi.

Ka kuma sa kunne lokacin da kwamfuresa ta cika ta tsaya. Ya kamata ka ji iska ta yi "fuss" sau ɗaya ta yi shiru, alamar bawul ɗin da ke sauke matsi daga kan famfo yana aiki. In ba ka ji ba, ko iskar ta ƙi tsayawa, moton yana tashi ne da kaya a kansa, ga shi dama a tashi yana jan ninki biyar zuwa shida na wutar da ya saba. Haka in za ka kunna ta da janareta: ƙaramin da ke ɗaukar fitilu da fanka ba zai tashe ta ba, sai dai moton ya yi ta gurnani yana zafi. A fara kunna kwamfuresar kafin a ɗora wa janaretan sauran kayan shago.