Ciwon Wilson: yadda ake gano shi a Ingila, da abin da za mu iya a gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, musamman ma'aikatan asibiti da iyayen yara. Akwai wani ciwon gado da ake kira ciwon Wilson, wanda jiki ke kasa fitar da sinadarin jan ƙarfe, sai ya taru a hanta, daga nan ya haye ƙwaƙwalwa da ido. Yana kama kusan mutum 1 cikin 30,000, galibi yana bayyana tsakanin shekara 5 zuwa 35. Wani likita a Landan, Kinnier Wilson, shi ya fayyace shi a 1912. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar gadon yaro ke kamuwa, shi ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwarsa.

Yakan zo da fuska biyu. Wani yaron shawara ce da kumburin ciki, a gwada ciwon hanta na B da C a ga babu komai. Wani kuma saurayi ne da hannu ya fara rawa, rubutu ya lalace, magana ta yi nauyi, yawu na dalala, hali ya canza. A gida na farkon sai a ɗora shi kan jiƙe-jiƙe, na biyun a ce iskokai ne.

A nan Ingila likitan unguwa ne ke tura mutum wajen ƙwararre. Ba a biyan kuɗin hoto ko gwaji a asibitin gwamnati, ko da yake yawancin masu bizar zama suna biyan kuɗin lafiya fam 1,035 a shekara tun wajen neman bizar. Jira dai akwai shi: ƙa'ida ita ce kada a wuce mako 6 kafin a yi gwaji, amma sau da yawa ana zarce haka. A Kano mai kuɗi a hannu zai iya yin hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka, a ranar. Inda suka fi mu shi ne, hoto da sakamakon jini duk suna cikin kwamfuta, likitan hanta da na ƙwaƙwalwa da mai karanta hoto su zauna tare a kan mutum ɗaya. Mu kuwa majiyyaci ne ke yawo da fim a cikin ambulan, kowane likita ya ga ɓangarensa kawai.

Hoton MRI yakan nuna haske a tsakiyar ƙwaƙwalwa, hagu da dama iri ɗaya, wani lokaci da wata siffa da ake kwatantawa da fuskar dabbar panda. Na'urorin nan Ingila masu ƙarfin maganaɗisu Tesla 1.5 ko 3 ne, ƙananan masu 0.2 zuwa 0.35 kuwa kan iya ɓoye canji mai rauni. Amma siffar ba ta fitowa ga kowa, rashinta bai wanke mutum ba.

Abin da ya fi kama ciwon yana cikin ido, kuma wannan ne nake so a riƙe. Jan ƙarfen yana yin zobe ruwan ƙasa-ƙasa a inda baƙin ido ya haɗu da fari, ya fara daga sama, sannan ƙasa, kafin ya kewaye. A idon Bature mai shuɗi ana iya hango shi da tocila. A namu mai duhu yana sajewa, sai an ɗora haɓa a kan na'urar nan mai siririn haske ta asibitin ido, irin wadda ake da ita a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da sauran manyan asibitoci. Kusan duk wanda ciwon ya taɓa wa ƙwaƙwalwa yana da zoben, masu matsalar hanta kaɗai kuwa kamar rabinsu. Sai dai a rubuta wa likitan ido abin da ake nema, in ba haka ba ya auna gilashi ya sallami yaro.

Sai gwaji biyu. A jini ana auna seruloplasmin, furotin da ke ɗaukar jan ƙarfe, ƙasa da miligiram 20 a desilita abin zargi ne. Tamowa da zubar furotin a fitsari su ma suna saukar da shi, juna biyu da kumburi a jiki suna ɗaga shi, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Na biyu fitsarin awa 24 ne: a zubar da na farkon safiya, a tara duk sauran har da na farkon washegari, cikin jarkar roba da ɗakin gwaji ya wanke da asid. Jarkar gida ko ta ƙarfe tana ɓata sakamako. Jan ƙarfe sama da maikirogiram 100 a fitsarin mai alamomi ya ƙarfafa zargi sosai.

Magani akwai tun 1956, penisilamin, ana shan sa kafin abinci tare da bitamin B6. Akwai kuma tirayentin da zinki. Wasu rawar jikinsu kan ƙaru a farko, shi ya sa ake farawa da kaɗan-kaɗan. Shan sa na har abada ne, wanda ya daina hantarsa na iya mutuwa. Idan an tabbatar da ciwon ga yaro ɗaya, a kai yayye da ƙannensa gwaji ko da lafiyarsu lau, domin kowannensu yana da yiwuwar 1 cikin 4.