Mayankin kankana mai zobe: na ƙaramar kankana ne kawai

A shagunan kayan kicin na kasuwannin Makola a Accra da Kejetia a Kumasi ana sayar da wani mayankin kankana mai kama da sitiyarin mota. Zoben roba ne mai hannu biyu, da reza 12 na ƙarfe mara tsatsa da suka haɗu a wani ƙaramin zobe a tsakiya. Masu sayarwa kan ce dannawa ɗaya ta wadatar, kuma ba a ɓata wuri. Rabin maganar gaskiya ne.

Sai an fara yanke kai da gindin kankanar da wuƙa, kamar santimita 2 kowane ɓangare, don ta zauna daram kuma rezar ta samu wurin kamawa. Wanda ya tsallake wannan, mayankin zai zame a kan ɓawo, ƙila har ya yanke shi a hannu. Idan kankanar ƙarama ce mai zagaye, kilo 3 ko ƙasa da haka, yankan yana fita daidai wa daida, abin sha'awa a faranti. Zoben tsakiya kuma yana zaro zuciyar a dunƙule, inda zaƙi ya fi yawa, 'ya'ya suka yi ƙaranci. Yara za su yi rigima a kanta.

Matsalar tana ga manyan kankana irin waɗanda ake kawowa daga yankin Ada da ke kudancin Ghana. Wasu ba sa ma shiga zoben. Waɗanda suka shiga, ɓawonsu mai kauri ne, sai mutum ya ɗora duk nauyinsa, kuma a nan rezar ke lanƙwashewa daga inda aka yi mata walda, ko hannun roba ya tsage. Ga shi kankana kusan kashi 92 cikin 100 ruwa ce. Wuƙa mai kaifi tana ratsa tsoka ta wuce, mayankin kuwa matse ta yake yi, ruwa ya yi tsartuwa har kan riga. Wankinsa ma aiki ne: in ba a sa buroshi a lungunan rezar nan take ba, ruwan ya bushe ya yi danƙo, kiyashi su yi sallama.

Don babbar kankana, wuƙa doguwa da tire mai baki sun fi shi nesa ba kusa ba. A wanke ɓawon tukuna, domin wuƙa kan kwashi dattin kasuwa ta shigar da shi ciki. A sa katakon yanka a cikin tiren, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa don kada ya goce. A raba ta biyu, a kifa kowane rabi, a yanka a tsaye da tazarar santimita 3, sannan a gicciye. Kowane yanki zai fito kamar sanda da ɓawonsa a matsayin mariƙi, ruwan kuma ya taru a tire. Wadda ta kwana a firij ta fi yankuwa tsaf.

In don buɗa-baki ne, a yanka dab da magariba, a aje kwano guda na ɓawo da 'ya'ya. Ragowar kada ta wuce awa 2 a waje. Cikin mazubi mai murfi takan yi kwana 3 a firij, muddin ba a ɗauke wuta ba.