Sitikar ƙyalli ta jikin kamiyon: mai ƙwayar gilashi ko mai saƙar zuma?

Alhaji, ka ce an nuna maka iri biyu a Garwa, kuɗinsu ba ɗaya ba, kana tambayar wacce za ka manna wa motarka mai bin hanyar Ngaundere zuwa Kuseri. Ɗauki mai saƙar zuma.

Aikinsu guda ne: su mayar da hasken fitila can inda ya fito, ga idon direban da ke bayanka. A cikin fatar suka bambanta.

Mai araha, in ka matso da ita kusa da ido, za ka ga kamar an barbaɗa yashi mai laushi. Ƙwayoyin gilashi ne, kowacce kusan kaurin gashin kai, bayansu kuma an shafa alminiyam. Kamfanin 3M na Amurka ya fito da irinta a 1939. Rauninta shi ne tsakanin ƙwaya da ƙwaya fili ne da ba ya aiki, shi ya sa ko kashi 10 cikin 100 na hasken ba ya dawowa. Amma tana da kirkinta: ko daga gefe aka haska ta tana amsawa, tana kuma lanƙwasa a jikin ƙarfe mai gantsarwa. Babur da amalanke, ta wadatar.

Mai saƙar zuma kuwa, a ƙarƙashinta akwai dubban 'yan ramuka, kowanne tamkar kusurwar ɗaki inda bango biyu suka haɗu da ƙasa. Haske ya bugi fuskoki ukun nan, ya juyo. Wajen kashi ɗaya cikin uku yake dawowa, masu inganci ma fiye da rabi. Mota ta lalace maka da dare a gangaren dutsen Mbe, wannan ƙarin hasken ne ke sa na baya ya hango ka tun daga nesa, ya sami lokacin taka birki.

Zanen saƙar nan ba ado ba ne. Yawancinsu sai da iska a bayan ramukan suke aiki, layukan kuma su ne bangon da ke tsare iskar. Da zarar ruwa ko ƙurar hunturu ta shiga ta bakin da aka yanka, sai gurbin ya mutu, ya yi duhu. Don haka kada yaran wanki su saita bakin injin ruwa a gefenta.

Wajen mannawa: wanke ƙarfen da sabulu, goge da alkol, ya bushe sarai. Banda gazuwal, maiƙonsa yana hana gam kamawa. A yi da safe a inuwa, ba a kan ƙarfen da ya sha ranar Marwa ba. Faɗi santimita 5, ja a baya, rawaya ko fari a gefe.

Akwai jabu, an buga zanen saƙa kawai a sama. Nemi tambarin E da lamba 104 a jikinta, shaidar cewa ta cika ƙa'idar inganci, sannan da dare ka ja baya taku 30, ka riƙe tocilar waya daidai gefen idonka, ka haska iri biyun da aka nuna maka a jere, ka ga wacce ta fi mayar da haske.