Farin ruwan inabi marar zaƙi a teburin biki

A manyan kantunan Accra, musamman wajen Osu, ana samun kwalaben farin ruwan inabi da aka cire wa barasa, kuma da yake girkin biki nake yi a Nima da Mamobi, masu hidima sukan tambaye ni ko ya cancanci teburin manyan baƙi. Wanda na ɗanɗana na inabin Sauvignon Blanc ne daga Afirka ta Kudu. Asalin wannan inabi Faransa ne, amma ya samu gindin zama a gonakin da ke kewaye da Cape Town, inda aka fara matse inabi tun 1659.

Akwai maganar da ba ta kamata a ɓoye wa kowa ba. Wannan abin sha sai da aka tsima shi ya zama giya, sannan aka ɗumama shi cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, inda barasar ke tashi da ɗan zafi kaɗan wanda ba ya ƙona ƙamshin. Wasu kwalaben an rubuta musu 0.0%, wasu kuwa suna da ragowar da ta kai 0.5%. Malamai sun saɓa a kansa, kuma da yawa sun hana shi saboda asalinsa, don haka ba na kai shi gidan kowa sai na yi wa mai gida wannan bayani ya zaɓa da kansa.

Launinsa fari ne mai ɗan ratsin kore. Da zarar an kai kofin hanci sai a ji lemun tsami da ɗanyar gwaiba, da wani ƙamshi na ciyawar da aka yanka da safe. A baki kuwa tsami ne ke fara isowa, ya ratsa gefen harshe har miyau ya tsinke, ba tare da zaƙin nan da muka saba da shi a lemunan kwalba ba. Wanda ya kurɓe shi haka kawai zai iya cewa ya cika tsinkewa, kuma yana da gaskiya, domin barasar da aka cire ita ce ke ba ruwan kauri.

Darajarsa sai an haɗa shi da abinci take fitowa. Na gasa karfasar tafkin Volta a kan gawayi da citta da tafarnuwa, na ajiye soyayyiyar doya a gefe, kuma a nan ne ya nuna aikinsa: duk kurɓi ɗaya yana wanke maiƙon kifin daga harshe, sai lomar da ke biye ta zo da ɗanɗanonta cikakke. Da soyayyen wagashi ma haka abin yake, domin gishirin cukun yana tausasa tsamin, har wani ɗan gardi ya bayyana wanda ba a ji da farko. Banku dai bai dace da shi ba, saboda shi ma ƙullinsa tsimamme ne, tsami biyu kuma sun yi wa baki yawa.

Waakye (shinkafa da wake) mai shito da yawa, wato baƙar miyar barkono, yana danne shi ɗungurungum, tuwon zafi da miyar ayoyo kuwa daddawa ce ke rinjayarsa. Waɗannan a bar su da sobolo, wato zoɓo, ko lamurje.

A sanyaya shi zuwa digiri 8 ko 10, kada a jefa ƙanƙara a ciki, domin ruwan da ma ba shi da kauri. Kuɗin kwalba ɗaya ya isa a dama sobolon tebura da dama, saboda haka ina ba da shawararsa ne ga ƙaramar liyafa da za a ci kifi ko gasasshiyar kaza marar yaji sosai, a gidan da aka gamsu da yadda ake yin sa.