Cibiyar gwajin ji da ta rubuta wa ƙanwata rahoton da makaranta ta karɓa

Ƙanwata ta kamu da sanƙarau tana aji uku na firamare, ta warke, amma ciwon ya tafi da jin kunnenta na hagu gaba ɗaya, ya kuma rage na dama. Da haka ta gama sakandare, domin malamanta sun san ta, suna ajiye mata kujerar gaba ba tare da an nemi wata takarda ba. Da ta samu gurbi a wata babbar makaranta sai al'amari ya canza: ɗakin lacca ne mai cike da ɗaruruwan ɗalibai, malami yana magana yana fuskantar allo, ita kuwa rabin fahimtarta daga kallon leɓen mai magana take samu. Ofishin kula da harkokin ɗalibai ya ce a kawo shaidar likita. Muka kai wadda wani asibiti ya taɓa ba mu, layi biyu kacal da ke cewa tana da matsalar ji, aka mayar mana da ita, kuma a gaskiya ban ga laifinsu ba, domin takardar ba ta faɗi abin da ake so makaranta ta yi ba.

Dalilin zuwanmu wata cibiyar gwajin ji mai zaman kanta a cikin garin Jos ke nan, kuma a kanta nake wannan sharhi.

Aikin gwajin kansa ba ni da abin cewa a kai sai yabo. Jami'in ya fara leƙa kunnuwan da 'yar fitilarsa don tabbatar da cewa ba dauɗar kunne ko ruwa ke toshe hanya ba, sannan ya shigar da ita wani ɗan ɗaki mai kaurin bango wanda ko hon ɗin Keke Napep ba ya ratsa shi. Ya ɗora mata abin sauraro a kai, ya danƙa mata maɓalli, ya rubuta mata a takarda cewa ta danna duk lokacin da ta ji ƙara, komai ƙanƙantarta. Ta gilashi nake kallonta, ta runtse ido tana jira, yatsanta a kan maɓallin, yayin da shi yake sauya sautin daga mai kauri zuwa siriri, daga 250 har zuwa 8000 a ma'aunin Hertz, kunne ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya sa wata 'yar na'ura a ƙashin bayan kunnenta, ya bayyana mini cewa da ita ake gane ko matsalar a hanyar shigar sauti take ko a can cikin kunne, inda sanƙarau ya saba yin ɓarna.

Abin da ya sa nake ganin kuɗinmu bai tafi a banza ba shi ne zaman da aka yi bayan gwajin. Likitar cibiyar, wadda mace ce, ta juya kujerarta ta fuskanci yarinyar sosai, ta tambaye ta yadda laccocinta suke: ko ana amfani da lasifika, ko akwai darussan da ake gwaji da baki, da kuma abin da ke faruwa idan mai sa ido a jarrabawa ya gyara tambaya da murya. A nan ƙanwata ta kalle ni ta ce, "Yaya, ai haka na rasa tambaya guda a gwajin farko, kowa ya ji gyaran ban da ni." Ni kaina ban taɓa sani ba sai ranar.

Rahoton da aka ba mu shafi biyu ne, haɗe da zanen sakamakon gwajin. Ya faɗi irin rashin jin da matakinsa a desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ga kowane kunne, ya nuna cewa na dindindin ne, ya kuma kwatanta shi da mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke ɗaukar rashin jin da ya haura desibel 35 a kunnen da ya fi lafiya a matsayin mai naƙasa mutum. Bayan haka ya sauko zuwa ɗakin karatu: a ba ta wurin zama a gaba ta yadda kunnen dama zai fuskanci malami, a riƙa rubuta duk wata sanarwa ta jarrabawa a allo, a ba ta bayanan lacca a rubuce, a kuma yi mata gwajin baki a wuri marar hayaniya. Akwai kwanan wata, sa hannu, hatimi da lambar rajistar likitar. Jami'in makaranta da ya karanta bai ƙara tambayarmu komai ba.

Likitar ce kuma ta tuna mini da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, wadda kuma ta tanadi hukunci ga masu nuna wariyar: tarar naira miliyan ɗaya ga hukuma ko kamfani, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar ƙasa ta masu buƙata ta musamman a 2020, kuma ta ce mu riƙe rahoton da kyau domin zai yi amfani wajen neman takardar shaida daga can. "Malam, ka yi kwafi da yawa, kada ka bar musu na asali," in ji ta.

Sai dai akwai abin da ya ɓata mini rai, kuma ba ƙarami ba ne. A wurin da kusan duk masu jira ba sa ji sosai, da baki ake kiran suna, daga bayan kanta, ma'aikaciyar ma kanta a sunkuye. Da ba na wurin, da layin ƙanwata ya wuce ta, kamar yadda na ga ya wuce wani dattijo da ya zo shi kaɗai, har sai da na taɓa kafaɗarsa. Ɗan allo da alli sun isa su magance wannan. Haka kuma ban ga mai fassara da maganar hannu ba, abin mamaki a garin da jami'arsa ke da sashen koyar da ilimin masu buƙata ta musamman, a jihar da makarantar makafi ta Gindiri ke aiki tun 1953.

Kuɗin ma ba sauƙi, kuma na gwaji daban, na rahoto daban, abin da ba a faɗa mana ba sai a wurin biya. An ce mu dawo bayan kwana uku, muka yi sawu biyu daga Unguwar Rogo kafin takardar ta fito a mako na biyu, lokacin rajista na neman ƙurewa. Wanda zai je ya fara tambayar makarantarsa abin da take so rahoton ya ƙunsa, ya tafi da tsofaffin takardun asibiti, ya kuma je tun ranar da ya karɓi takardar shiga makaranta, da ɗan rakiya mai ji wanda zai saurari kiran suna.