Agogon Auna Bugun Zuciya da Sukar Kwiɓi: Abin da Na Gani a Titunan Jos

Mai neman agogon da zai raba shi da sukar nan da ke kama mutum a kwiɓi yana tsakiyar gudu, ya riƙe kuɗinsa, babu irin wannan agogo a kasuwa. Amma wanda matsalarsa ita ce ɗiban gudu da ƙarfi tun daga ƙofar gida, kafin a je ko'ina numfashi ya gagara, to shi kam agogon auna bugun zuciya yana da aikin da zai yi masa, kuma ni ya yi mini. Na yi hunturu da shi a hannu, na yi azumi, na yi damina, ina ganin yanzu na isa in faɗi abin da na gani.

Nawa na matsakaicin kuɗi ne, mai GPS da ke bin sawun hanyar da mutum ya bi, mai madaurin roba. A bayansa akwai 'yan fitilu masu koren haske da ke ƙyaftawa a jikin fata. Jini yana shanye koren haske, saboda haka duk sanda zuciya ta harba, jini ya cika ƙananan jijiyoyin wuyan hannu, hasken da ke komawa ga agogon sai ya ragu. Wannan raguwa da ƙaruwa yake ƙirgawa ya ba ka lamba. Ke nan ba zuciyar yake saurare kai tsaye ba, alamar aikinta yake karantawa a fata. Duk wanda ya riƙe wannan ba zai yi mamakin wasu halayen agogon da zan kawo nan gaba ba.

Ina fita bayan sallar asuba, yawanci ta hanyar Lamingo, ranar Asabar kuma wajen Rayfield. Wanda ya san Jos ya san ba gari ne na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba, ka hau tudu ka gangara, ka sake hawa, ga shi garin yana zaune kusan mita 1,200 sama da teku. Da na shigar da shekaruna 40, agogon ya cire su daga 220, ya ɗauki 180 a matsayin iyakar bugun zuciyata a minti ɗaya, ya raba mini shi mataki biyar. Na saita shi ya girgiza mini hannu idan na haura 145. Abin da ya fara nuna mini shi ne, tudun farko kawai yana kai ni 165, alhali a jikina ina jin kamar a hankali nake tafiya. Sanyin safiyar Jos yana ruɗin mutum, gumi bai fito ba, sai ka ɗauka jiki bai fara aiki ba, ashe zuciya ta daɗe da shiga wahala. Da na koma bin girgizar nan, ina rage sauri a tudu, wani lokacin har in koma tafiya da sauri, sai na ga ina kaiwa nesa fiye da da, kuma ina dawowa gida da sauran ƙarfin zuwa aiki.

Sai dai lissafin 220 ɗin nan ƙiyasi ne, kada a ɗauke shi kamar an auna mutum a asibiti. Sa'anni biyu na iya bambanta da bugu 10 ko fiye. Abokin guduna shekarunmu ɗaya, shi yana hira lafiya lau a 155, ni a nan maganata ta fara yankewa. Gwajin da ya fi zauna mini shi ne na hira: in kana iya yin magana jimla guda ba tare da ka tsaya jan numfashi ba, gudunka na sauƙi ne, ko me agogo ya rubuta.

Yanzu batun suka, wanda shi ya kai ni sayen agogon tun farko. Ciwo ne da ke zuwa ƙasan haƙarƙari, ya fi yawa a ɓangaren dama, wani lokacin ya ɗaure kamar an murɗe, wani lokacin ya soka. Mutane da yawa kan ɗora wa saifa laifi, alhali saifa a hagu take. Masu binciken lafiyar 'yan wasa a Ostireliya, waɗanda suka daɗe a kan wannan batu, sun nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na masu gudu sun gamu da shi a cikin shekara guda, kuma a tsere ɗaya ana sa ran mutum ɗaya cikin biyar zai ji shi. Ya fi damun matasa, yana raguwa da shekaru. A da ana cewa tsokar numfashi ce, wadda ta raba ƙirji da ciki, ke rasa isasshen jini. Wasu suka ce hanta da tumbi ne ke jan jijiyoyin da suke rataye da su saboda jijjigar gudu. Amma mahayan doki suna fama da shi ba tare da suna haki ba, masu ninƙaya ma suna fama da shi ba tare da jijjiga ba. Shi ya sa bayanin da ya fi karɓuwa yanzu shi ne na siririn tantanin da ya shimfiɗe a bangon ciki ta ciki: in ya sha guga, musamman tumbi na cike, sai ya yi zafi. Wannan bayani ya dace da wani abu da na sha ji a jikina, wato ciwo a kan kafaɗa lokaci ɗaya da sukar, domin jijiyar da ke kai saƙo daga ɓangaren tantanin da ke ƙarƙashin tsokar numfashi tana da alaƙa da kafaɗa.

Agogo bai san da wannan tantani ba. Suka ta kama ni bugun zuciya na 140, ta kuma ƙyale ni a 165. Abin da ya yi mini shi ne ajiye tarihi. Duk ranar da ta zo nakan rubuta a manhajar wayar abin da na ci da lokacin da na ci, bayan ɗan lokaci abin ya fito fili. Ranakun da na sha shayi mai kauri da sukari ko kunu kafin fita, ko zoɓo mai zaƙi in gudun yamma ne, su ne ranakun suka. Ranakun da na kurɓi ruwa kaɗan na fita, na fara a hankali na minti goma, da wuya ta zo. A watan azumi abin ya fi bayyana. Gudu bayan buɗe baki, cikin nan cike da ƙosai da kunu da lemo, neman suka ne kai tsaye. Sai na mayar da shi bayan tarawih, in bar aƙalla awa biyu tsakanina da abinci mai nauyi. Na gwada ɗan sassarfa gab da magariba, suka ba ta zo ba, amma agogon ya nuna bugu ya haura wanda na saba a irin wannan sauri, saboda jiki babu ruwa. Wannan gargaɗi ne mai amfani, na kuma ɗauke shi.

In ta riga ta kama, abin da ke yi mini aiki wani dattijo ne da muke haɗuwa a filin wasa na Rwang Pam ya nuna mini. Ya gan ni na tsaya na dafe ciki, ya ce, "Ƙanena, kada ka tsaya cak. Danna wurin da yatsu, ka ɗan sunkuya, ka cika ciki da iska, ka fitar a hankali ta tsukakken baki." Na ce, "To, Baba." Da rage sauri da wannan numfashi, cikin 'yan mintuna take saki. Motsa jiki na ƙarfafa tsokar ciki da baya shi ma ya taimaka, haka miƙe ƙirji a lokacin gudu maimakon ranƙwafawa.

Inda agogon ya ba ni haushi shi ne hunturu. A Disamba da Janairu, sanda sanyin Jos ke sa yatsu su ƙage, jini yana janyewa daga fata, agogon sai ya rasa abin karantawa. A mintunan farko ya ba ka 95 kana haki, can kuma ya yi tsalle zuwa 172 ya kafe a nan. Wannan 172 ba zuciya ba ce, takun ƙafa ne, domin yawan takun mai gudu a minti yana kusa da yawan bugun zuciya, agogon sai ya kama kaɗawar hannu ya bar jini. Mutumin da bai san haka ba zai iya tsorata ya koma gida. Maganinsa, a ɗaura shi sama da ƙashin wuyan hannu da faɗin yatsa ɗaya ko biyu, a matse shi yadda ba zai yi wasa ba, a rufe da hannun riga har jiki ya yi ɗumi. Ko da haka, a gudun da ake saurin canza ƙarfi yana makara da wasu daƙiƙu. Mai son lamba ta gaskiya sai ya haɗa da bel ɗin ƙirji, wanda ke karanta wutar da zuciya ke fitarwa. Fasaha ce tsohuwa, tun 1982 kamfanin Polar na ƙasar Finlan ya fito da na'urar auna bugun zuciya ta farko marar igiyar waya da ake ɗaurawa a jiki, kuma har yau ta fi hasken wuyan hannu daidaito. Na ari na wani na gwada su tare: a gudun sauƙi bambancinsu kaɗan ne, a hawan tudu da ƙarfi ne suke rabuwa.

Na je Abuja da shi a watan Maris, na bi masu motsa jiki a bakin tafkin Jabi. Na zaci tunda na sauko daga tsauni abin zai zo da sauƙi. Zafi ya cinye wannan riba. A saurin da na saba, bugu ya riƙa hawa sannu a hankali, domin jiki yana tura jini zuwa fata don ya huce. Mazauna Abuja da ke gudu a bazara su ne ma suka fi mu buƙatar irin wannan agogo.

Batirinsa yana kai ni kusan mako in ina kunna GPS, wanda a yanayin wutarmu abin a yaba ne. Cajarsa mai maganaɗisu ce ta musamman, in ta ɓata samun irinta a kasuwar Terminus sai an sha yawo. Ruwa ba ya damunsa, amma ina sassauta shi lokacin alwala, in wanke ƙasan madaurin, in ba haka ba gumi da ƙura su kawo ƙaiƙayi. Manhajarsa babu Hausa. Kuma ina roƙon masu ɗora taswirar gudunsu a Facebook su riƙa ɓoye farko da ƙarshen hanya, domin tana nuna ƙofar gidan mutum da lokacin da yake fita kullum.

Abu ɗaya da ba na so a yi wasa da shi: sukar gudu tana tafiya in an rage sauri ko an huta. Ciwon da ke danne tsakiyar ƙirji, yana bin hannun hagu ko muƙamuƙi, da jiri ko gumi mai sanyi, wannan na asibiti ne a take, ko da agogo yana nuna lamba mai kyau. Haka ciwon kwiɓin da ya ƙi tafiya bayan an zauna. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara ganin likita kafin ya fara gudu, kuma ya faɗa masa magungunan da yake sha, domin wasu magungunan hawan jini suna rage bugun zuciya, lissafin matakan agogon ba zai yi aiki a kansa ba.

Wanda zai saya, kada ya biya sai ya ɗaura a shagon. Ya zauna minti biyu, ya ɗora yatsu biyu a jijiyar ɗaya hannun, ya ƙirga bugu na daƙiƙa 30 ya ninka biyu, ya kwatanta da abin da agogon ya nuna. Sannan ya cire shi ya riƙe a iska ya ga ko zai ci gaba da ba da lamba. Akwai na bogi masu arha da ke yin haka, irin waɗannan a ajiye wa mai shago kayansa.