Injin gwajin suga a gida ko zuwa kemis?

Jama'a suna ta tambayata wanne ya fi, su sayi injin gwajin suga ko su riƙa zuwa kemis. To ga yadda nika gani.

Wajen kuɗi injin ba shi ne matsala ba, sau ɗaya za ka saye, tsinken gwajin da ake ɗiga wa jini ne ke cin aljihu don kowanne sau ɗaya ake amfani da shi, ga zafin Sakkwato, ka bar su cikin mota ko bakin taga sun lalace sai su ba ka lambar ƙarya. Kemis kuwa kuɗin gwaji ɗaya kawai za ka biya, amma sai ka fita da safe ba ka karya ba, ka hau kabu-kabu.

Abin da ya fi damuna dare ne wallahi. Suga ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL, zufa da makyarkyata, wane kemis ne buɗe ƙarfe biyu?

Mai allurar insulin da mai juna biyu da ke da ciwon suga su daure su sayi nasu. Baba mai shan ƙwayar maganin suga, sugansa a daidaice, kemis na kusa, wannan zai wadatar, amma kar ya bar ganin likita.